Rufin Asiri a Bakin Tashar Bassam

Wanda zai bar Abijan ta gabas, ko Bassam ya nufa, ko Bonoua, ko Aboisso, ko kan iyakar Gana a Noe, da wuya ƙafarsa ba ta taka Tashar Bassam ba. Tana unguwar Treichville, a gefen babban titin da aka daɗe ana kira Giscard d'Estaing, wanda ya keta kudancin birnin ya miƙe har wajen filin jirgin sama. Tasha ce irin wadda aka sani ko'ina: motoci a jere suna jiran cika, 'yan kamasho na kiran sunayen garuruwa har murya ta dushe, hayaƙin salansa ya gauraye da ƙamshin suya. Ranar Lahadi ma'aikata da ɗalibai da masu iyali sukan fito da kulolin abinci, su nufi bakin teku a Grand-Bassam, garin da ya fara zama hedikwatar Turawan Faransa a Kwaddibuwa a 1893, mai nisan kamar kilomita 40. Su sha iska, su dawo da yamma.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga motar. Mai garba da ke suyar kifi tun da safe, mai kofi da shayi a 'yar rumfarsa, mai tsire, mai yankan farce, mai wankin takalmi, ɗan dako. Kunnen da ya saba zai tsinci Hausar Adar a bakin da yawansu, ko Zabarmanci. Ranar hutun wasu ita ce ranar cinikinsu. Haka abin yake a tsallaken ruwa, a Adjame, inda manyan tashoshin ƙasar suke, da kasuwar da ta cika titin Nangui Abrogoua maƙil.

In aka gaisa da ɗayansu aka tambaye shi ya sana'a, amsar kusan ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, asiri a rufe."

Da wannan amsa Bahaushe yake auna rayuwa, kuma ma'aunin ba na wasa ba ne. Wanda asirinsa yake a rufe ba ya roƙo. Ba a binsa bashin da zai sa ya sauya hanya in ya hango mai shi. Ana ɗora tukunya a gidansa, matarsa ba ta aika yaro maƙwabta da ƙwarya a ranto mata gero. In an yi masa haihuwa akwai ragon suna, in an yi masa rasuwa ba sai an yi karo-karon likkafani ba. Maganar ba ta dukiya ba ce, don akwai masu dukiyar da asirinsu a tone yake. Ana nufin mutum ya samu daidai abin da zai tsare masa mutunci a cikin jama'a.

Masanan da suka daɗe suna nazarin abin da ke sa rayuwa ta yi kyau ba su yi nisa da nan ba. Aristotul na Girka ya ɗora dacewar ɗan Adam a kan kyawun hali, amma bai yarda cewa hali kaɗai ya isa ba. A ganinsa sai an haɗa da lafiya da abokai da ɗan abin hannu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki jiki a matsayin raƙumin da rai ke hawa a kan hanyarsa ta zuwa ga Allah, kuma mahajjacin da ya hana raƙuminsa ci da sha ba zai kai ba. Akwai kuma hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda kusan duk wanda ya zauna gaban malami ya taɓa ji, da ya lissafa abu uku waɗanda in mutum ya wayi gari da su to kamar an tattara masa duniya ne: aminci a ransa da gidansa da iyalinsa, lafiyar jiki, da abincin yininsa.

Mutumin da ke tsaye a Tashar Bassam ya samo na ukun. Abin tambaya shi ne me ya bayar kafin ya same shi.

Ba son yawo ya kawo Ba'adare Abijan ba. Ƙasar Tawa da Buza da Keita da Illela ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma a gidaje da yawa geron da aka zuba a rumbu ba ya kaiwa wata kakar. An sha farin 1973 da 1974, an sha na 1984, an ga yunwar 2005. Da an gama ɗaurin damma sai samari su kama hanyar bida, wato ci-rani. Kakanninsu Gwanja suka riƙa zuwa fataucin goro, iyayensu suka cika Kumasi da Ankara, har gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana a ƙarshen 1969. A lokacin nan ƙofar Kwaddibuwa a buɗe take. An fasa mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwan Abijan ta kankama, koko da kofi suna kawo kuɗi, Houphouet-Boigny kuma, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 har rasuwarsa a 1993, yana neman hannayen aiki daga duk inda suka fito. Ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 29.4 a ƙasar, kashi 22 cikin 100 ba 'yan ƙasa ba ne. Mutanen Burkina Faso da Mali sun fi yawa nesa ba kusa ba. 'Yan Nijar ba su kai su ba, amma sana'o'in da suka riƙe a bakin titi suke, shi ya sa ido ya fi ganinsu.

A tsaya a teburin mai garba a ga yadda ake neman rufin asirin nan. Abincin, wato garba, abu biyu ne. Akwai aceke, garin rogo da aka tsimar aka turara ya yi washar-washar, aikin matan ƙabilun bakin ruwa irin su Ebrie da Adjoukrou, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a Disambar 2024. Akwai kuma kifin tuna daga tashar jiragen ruwa, yawanci wanda kamfanonin kifin gwangwani ba su ɗauka ba. Mai garba yakan tashi kafin kiran assalatu. Ya yanka kifin gunduwa-gunduwa, ya barbaɗa masa fulawa, ya jefa a tafasasshen mai. Mai saye zai sa cokali mai yatsu ya zaɓi yankan da ya yi masa, ya faɗi na nawa za a zuba masa aceke. Nan da nan hannu ya kai: a zuba, a watsa ɗanyen barkono da aka yayyanka ƙanana, a ƙara tumatir da albasa, a murtsuke ɓarin dunƙulen Maggi a kai, a ɗebo man suyar a kwarara. Da hannu ake ci, a tsaye ko a kan benci. Shi ne abincin ɗalibi da yaron mota da lebura, abincin da ke riƙe cikin talakan Abijan har dare. Sunan ma na Bahaushe ne, kuma 'yan Nijar aka fi sani da sana'ar.

Shi kuwa yana gaban wuta tun safe har rana ta karkata, mai yana fallatsar masa a hannu. Da dare ya koma ɗakin da yake kwana da 'yan garinsu, tabarma kusa da tabarma, don kowane dala da aka rage a kuɗin haya ya zama gero a gida. Gwamnatin Kwaddibuwa ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 75,000 daga farkon 2023, amma wannan maganar masu takardar ɗaukar aiki ce. Mai tebur ba shi da albashi, ba shi da fansho, ba shi da ranar hutu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar ba ciniki.

Sannan ga waya. A da sai an samu mai zuwa gida a ba shi saƙo, ko a ɗauki murya a kaset, labari ya yi wata kafin ya iso. Yanzu kafin ya gama sallar magariba saƙonnin murya sun taru a WhatsApp. "Yaya, Inna ba lafiya, an rubuta magani." "Malam, hatsi ya ƙare tun shekaranjiya." "Kawu, an sa ranar bikin, kai muke jira." Ba mai ƙarya a cikinsu, duk buƙatun na gaske ne. Gobe da safe zai je wurin masu aika kuɗi, kafin azahar an karɓa a Tawa. A garinsu za a ce wane ɗan albarka ne, yana riƙe da gidansu.

Kuma gaskiya aka faɗa. A 1974 Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya ya kuma koyar a Zariya, ya fitar da wata maƙala mai suna Mutumin Kirki, inda ya tattaro halaye goma da Hausawa ke gane nagartaccen mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In aka ɗora mai garban nan a kan wannan sikeli, da wuya a same shi da giɓi. Yana da haƙurin da ya fi ƙarfin kwatance, yana riƙe amanar iyaye, kunya ta hana shi cewa ba shi da shi ko da ba shi da shi ɗin.

Sai dai a lura, kusan duk halayen nan abin da mutum ke bai wa jama'a ne. Ba su ce komai ba a kan abin da shi yake bin jama'a. Ba laifin mai maƙalar ba ne, shi a kan mutumin kirki ya yi magana. Kuskuren na al'umma ne, da ta saba haɗa tambaya biyu ta mayar da su ɗaya. Ko wane mutumin kirki ne, tambaya ce daban. Ko rayuwar wane ta yi kyau, ita ma daban. Ana iya amsa ta farko da e, ta biyu kuma amsarta ta sa mutum hawaye. Haɗa su da ake yi yana yi wa kowa daɗi in ban da shi mai ɗauke da kayan: 'yan uwa sun biya shi da yabo, gwamnatin ƙasarsa ta huta da ciyar da gidansa, garin da yake wa aiki ya ci abinci mai araha. Da zarar an ce masa ɗan albarka, sai a ga kamar an sallame shi.

Treichville ta daɗe da sanin wannan labari, har fim aka yi a kansa. A 1958 Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana bin sawun 'yan ci-ranin Nijar, ya fitar da Moi, un noir, wanda aka ɗauka a titunan unguwar da samarin Nijar na gaske, ba 'yan wasa ba. Sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin finafinan da suke kallo: Edward G. Robinson, Eddie Constantine, Tarzan. Ranakun aiki suna fafutukar neman aikin yini, ƙarshen mako su tafi bakin teku, su je kallon dambe, su je rawa, Litinin ta dawo da su inda suke. Wanda ya fito a Robinson shi ne Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan saurayi aka kai shi yaƙin Indocina, ya dawo bai samu abin yi ba, ya gangaro Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Abin da ke taɓa zuciya a fim ɗin shi ne burinsa bai tsaya a kan abin da zai ci ba. Yana son gida, yana son mota, yana son mace ta so shi, yana son a san da zamansa a duniya. Lebura ne, amma bai ɗauki kansa a matsayin wanda aka halitta don ɗaukar buhu kawai ba.

Ganda ya koma Yamai ya zama mai shirya fim na kansa, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Amma wanda ya fi dacewa da wannan magana shi ne na farkonsa, Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka yi masa caa, kuɗin ya ƙare, aka watse aka bar shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan bida ya sauka a tashar garinsu da akwati da rediyo, ya kuma gan shi bayan wata biyu yana neman rancen kuɗin motar komawa, ya san ba ƙage ba ne. Ganda ya rasu a 1981, bai kai shekara hamsin ba. Abin da ya nuna bai tsufa ba: a kan auna wanda ya dawo da nauyin jakarsa, shi ma ya san haka, shi ya sa wanda bai samu ba yakan ƙi komowa. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama bakwai. A ƙauyukan Adar ba a rasa gidan da ake cewa mai shi ya shiga kurmi, ba a san ranar dawowarsa ba.

A nan ne kuɗin da aka biya yake bayyana, kuma ba shi kaɗai ke biya ba. Akwai matar da aka kawo ɗaki, bayan wata biyu ango ya tafi, ta yi goyon ciki ita kaɗai, ta haihu, aka raɗa suna, uban ya ji kukan ɗansa ta waya. Ita ke noman gayauna, ita ke jinyar surukai, ita ke sauraron maganganun gari. Akwai yaron da ya san mahaifinsa a matsayin baƙon da ke zuwa da tsaraba, wanda ake jin nauyinsa amma ba a saba da shi ba. Akwai tsohuwar da ta samu maganin da aka aiko kuɗinsa, amma ba ɗanta ne ya ɗaga kanta ya ba ta ba. Magabata ba su ɗauki wannan da sauƙi ba. Sananne ne cewa Sayyidina Umar, bayan ya ji wata mata cikin dare tana kukan rashin mijinta da ya tafi yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya jurewa, sannan ya yanka wa mayaƙa wa'adin komawa gida, wata ruwaya ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. In har jihadi bai zama hujjar barin iyali ba iyaka ba, da wuya neman kuɗi ya zama.

Binciken zamani ma nan ya biyo. Tun 1938 jami'ar Harvard a Amurka take bin rayuwar wasu ɗaruruwan maza, ɗalibanta da kuma yaran unguwannin talakawa na Boston, daga ƙuruciya har tsufa. Abin da ya fi fitowa fili bayan fiye da shekara 80 shi ne waɗanda suka samu kyakkyawar dangantaka da na kusa da su sun fi lafiya da natsuwa a tsufansu, fiye da yadda dukiya ko suna suka iya bayarwa. Duk tsohuwar da ke ƙauye ta san haka ba tare da an yi mata lissafi ba, shi ya sa take cewa mutane su ne dukiya. Abin takaicin shi ne talauci yana tilasta wa mutum ya sayar da wannan dukiyar don ya sayi hatsi.

Kada a ɗauka rayuwar tasha duhu ce zalla. Zalunci ne a faɗi haka, kuma mutanen da kansu ba za su yarda ba. Yaron da ya sauka Adjame da 'yar jaka da lambar waya ɗaya ba ya kwana a titi. Akwai maigida, ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, wanda zai ba shi wurin shimfiɗa, ya ɗora shi a kan sana'a, ya tsaya masa in ya shiga matsala. Akwai adashi. Akwai ajiyar da ake bai wa mai shago ba takarda ba shaida, a dawo bayan shekara a same ta cif. Akwai sahun salla a gefen titi, da kwanon tuwo da ake sa hannu tare, da hirar dare a teburin mai shayi inda ake jin labarin ruwan sama a gida. In ɗaya ya rasu, kafin la'asar an haɗa kuɗi, an yi masa sutura, an kira gida an yi ta'aziyya. Mutum yana da suna a nan, an san ɗan wane ne, ana buƙatarsa. Mai garban da ɗalibai suka san shi, suke tsallake tebur uku su zo nasa, yana da wani abin da ma'aikacin da ke cikin kaɗaici a bene mai hawa goma ba shi da shi. Kuma akwai daɗi na gaske a cikin sanin cewa guminka ne ya rufa wa mahaifiyarka asiri. Wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba kada ya raina shi.

Wasu sun warware matsalar nisa ta hanyar ɗauko iyali. 'Ya'yansu sun tashi a Treichville da Adjame da Abobo, suna jin Faransanci da Julanci fiye da Hausa, ba su san wani gida ba sai nan. Amma tun 1972 haihuwa a ƙasar ba ta buɗe wa ɗan baƙi hanyar zama ɗan ƙasa. Ta jini ake gado. Saurayin da aka haifa a asibitin Treichville, bai taɓa ganin Tawa ba, a takarda baƙo ne.

Wannan ya kawo maganar abu na farko da hadisin ya ambata, wato aminci. Baƙo a Abijan ya ga sauyin yanayi iri-iri. A farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama, wanda ya zama abin tare mutane a hanya har aka soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma a 2007. Aka shiga zamanin siyasar wane ne ɗan ƙasa na asali. Yaƙi ya ɓarke a Satumbar 2002, rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kusan 3,000, kuma a duk lokutan nan mai suna irin na Arewa ya kwana da fargaba. A watan Mayun 2021 wani tsohon bidiyo ya yaɗu a Facebook da ƙaryar cewa 'yan Nijar ne ke dukan 'yan Kwaddibuwa. Cikin yini ɗaya aka far wa 'yan Nijar a Abobo da wasu unguwanni, aka ji wa mutane rauni, aka wawashe shaguna. Sai 2024, da hukumar birnin ƙarƙashin Ibrahim Cisse Bacongo ta rushe unguwanni irin su Boribana da Gesco, ta kuma haramta talla a manyan tituna da bara da tura amalanke. Hukuma tana da hujjarta: zaftarewar ƙasa da ambaliya suna kashe mutane a irin waɗannan unguwanni da damina, kuma birni mai mutum sama da miliyan biyar dole ya samu hanyar wucewa. Rusau ɗin bai ware baƙo da ɗan ƙasa ba. Amma ga wanda duk jarinsa tebur ne da kasko, ko amalanke ɗaya, safiya guda ta isa ta mayar da shi inda ya fara shekara goma da suka wuce, kuma shi ba shi da ƙuri'ar da zai rama da ita.

Amartya Sen, masanin tattalin arzikin Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998, ya sha ba da labarin abin da ya gani yana ɗan kimanin shekara goma a birnin Dhaka, lokacin rikicin Hindu da Musulmi. Wani lebura Musulmi mai suna Kader Mia ya faɗo gidansu jina-jina, an soke shi da wuƙa. A hanyar asibiti yana faɗin cewa matarsa ta hana shi shiga unguwar da ake tashin hankali, amma ba abin da za a ci a gida, dole ya fito neman aiki. Bai rayu ba. Daga irin wannan ne Sen ya gina ra'ayinsa cewa ba a auna rayuwa da abin da ke aljihu kaɗai, sai an duba abin da mutum yake da ikon zaɓa ya yi ko ya bari. Kader Mia mutumin kirki ne, neman halal ya fito. Abin da ya rasa shi ne ikon cewa yau ba zan fita ba. Da yawa daga masu tebur a Tashar Bassam ba su da ikon cewa bana zan zauna gida in ga yarona ya fara tafiya.

Shi ya sa wa'azin wadatar zuci yake buƙatar a san wanda ake yi wa shi. Wadatar zuci gaskiya ce, kuma magani ce ga wanda ya samu ya kasa ƙoshi, irin attajirin da ya tara gidaje a Cocody da Yamai amma barci ya gagare shi. Amma a dubi mutumin da bai ga iyalinsa ba shekara uku, wanda aka kwashe masa tebur jiya, a ce masa ya yi haƙuri haka Allah ya so, sannan a juya a aika masa saƙon buƙata, wannan ba tawakkali ba ne. An ɗauki kyawun halinsa an mayar da shi igiyar ɗaure shi. Haƙuri ado ne ga mai yin sa, ba hujja ba ce ga mai ɗora kaya.

Akwai abin da ke hannun gida. Iyaye da suka sa wa ɗansu albarka zai tafi suna iya yanka masa wa'adi, su kuma nuna masa a aikace cewa in ya dawo hannu sake ba za a sauya masa fuska ba. 'Yan uwa suna iya bambanta ciwo da biki kafin su danna waya. Malamai da ke hawa mumbari a Tawa da Madawa suna iya yin huɗuba a kan haƙƙin matar da aka bari, da haƙƙin shi kansa wanda ya tafi, kamar yadda suke yi a kan biyayyar iyaye. Shugabannin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan Nijar a Abijan, waɗanda suka iya haɗa kuɗin jana'iza cikin sa'o'i, suna da ƙarfin da za su zauna da magadan garin Treichville da Adjame a nemi wuraren sana'a tsayayyu, masu rasit, waɗanda ba za a wayi gari a kwashe ba, a kuma bi wa yaran da aka haifa a can takardun haihuwa tun suna jarirai.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ce ta bai wa ɗan Nijar damar shiga Kwaddibuwa ba biza. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su shiga, su zauna, su yi sana'a kamar da, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwar. A kan wannan sharaɗi na wucin gadi zaman dubban masu tebur a Treichville da Adjame ya dogara, kuma hukumomin Yamai da na Abijan ne ke da ikon mayar da shi yarjejeniya tabbatacciya mai sa hannu.